Zaɓen Alƙali ko Naɗa Shi: Wisconsin da Missouri

Ana yawan tambayata: alƙalan kotun ƙoli ta jiha a Amurka, gara jama'a su zaɓe su ko a naɗa su?

A Wisconsin masu ƙuri'a ne ke zaɓa, wa'adin shekara 10. Tsarin na cin kuɗi sosai. Zaɓen 2025 da Susan Crawford ta lashe ya lamushe wajen dala miliyan 100. Abin da ke damuna, wanda ya zuba kuɗinsa yau, gobe ƙararsa na iya zuwa gaban alƙalin da ya taimaka wa.

Missouri kuwa, tun 1940 kwamiti ke fitar da sunaye uku, gwamna ya ɗauki ɗaya. Bayan aƙalla shekara guda jama'a su kaɗa ƙuri'a, alƙalin ya zauna ko ya tafi. Babu abokin takara, kuɗin kamfe kaɗan ne. Sai dai lauyoyi na da babban rabo a kwamitin, talaka bai san yadda aka tace sunayen ba. Irin wannan ƙuri'ar ma kan tsige alƙali: a 1986 California ta sauke Rose Bird, shugabar kotun ƙolinta, kan batun hukuncin kisa.

Jihar da ke da tsauraran dokokin kuɗin kamfe da masu bibiyar shari'a, zaɓe zai yi mata. Wadda attajirai suka yi wa katutu, tsarin Missouri ya fi dacewa da ita.