Takardar gam da na sayo a Kejetia saboda ƙananan ƙudaje

Koko nake sayarwa a unguwar Aboabo da ke Kumasi, shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma duk mai wannan sana'a ta san yadda ƙananan ƙudajen nan masu jan ido suke son tsami. Bana da ruwa ya sauka a watan Afrilu, ga mangwaro ya cika Kumasi, sai abin ya wuce misali. Da asuba in na buɗe robar ƙullu sai su tashi kamar hayaƙi. Wata safiya wata tsohuwar mai sayen kokona ta sa gefen mayafinta ta kore su daga bakin bokiti, ba ta ce uffan ba. Wannan shirun nata ya fi zagi yi mini ciwo.

Maganin sauro na fesawa na fara gwadawa. Gwangwani biyu na ƙarar, na gani da idona suna zubewa, amma kafin kwana uku wasu sun maye gurbinsu. Sai na hau trotro, motar haya, na tafi wani shagon kayan noma a gefen kasuwar Kejetia, da niyyar sayo magani mai ƙarfi irin na manoma.

Yaron shagon ɗan Asawase ne, da Hausa muka yi magana. Ya ce, "Hajiya, a ina za ki fesa?" Na ce a kicin, wajen da nake tace gero. Ya mayar da kwalbar kan kanta ya ce, "Ki yi haƙuri, wannan na gona ne. Ba zan ba ki ki kai shi kusa da abin da mutane za su sha ba." Kwalbar ta fi abin da ya sayar mini tsada, amma ya ƙi. Saboda wannan kaɗai zan ci gaba da zuwa shagonsa. Allah ya yi wa iyayensa albarka.

Abin da ya ba ni shi ne takarda mai kauri, launin ruwan ɗorawa, da gam gaba da baya, guda goma a leda, sidi 60. Ya ce in rataye a wurare daban-daban in duba bayan kwana biyu, takardar za ta nuna mini wane ƙwaro nake fama da shi da kuma inda yake fitowa.

Haka kuwa aka yi, kuma a nan ne na ga amfaninta. Wadda na rataye kusa da tukwanen na'a-na'ar 'yata ta yi baƙi ƙirin da wasu sirara masu dogayen ƙafafu, kamar jariran sauro. Waɗannan a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar tukunya suke haihuwa, kuma launin ɗorawa yana jan su sosai. Muka rage ban ruwa, muka riƙa barin saman ƙasar ya bushe kafin a sake zubawa, suka ragu ƙwarai. Ta bayan gida ta kama wasu kaɗan masu gashi-gashi da faɗin fiffike, irin masu lafewa a bango. Su kuma a cikin yauƙin magudanar ruwa suke, buroshi da tafasasshen ruwa suka yi maganinsu.

Amma masu jan idon, waɗanda saboda su na fita, takardar ba ta yi musu abin kirki ba. Suna giftawa ta gefenta su wuce wajen ƙullu, don su wari suke bi fiye da launi. Sai dai wadda na rataye a lungun bayan ƙofa ta fi sauran kama su, shi ya sa na je na duba. A nan nake ajiye bokitin dusar da ke fita bayan tata, wadda maƙwabcina ke zuwa ɗauka wa tumakinsa, wani lokaci sai ta kwana huɗu. Na ɗaga saman dusar da cokali, sai ga fararen tsutsotsi ƙanana suna motsi, a jikin bokitin kuma wasu 'yan ƙwayoyi masu ruwan ƙasa sun manne a jere. Macen ƙudan nan ɗaya tana zuba ƙwai ɗaruruwa, kuma a irin ɗumin garin nan kwana 8 zuwa 10 ya isa ƙwai ya zama ƙuda mai tashi. Ina kashe iyaye da feshi, 'ya'ya suna girma a bayan ƙofata.

Yanzu dusa ba ta kwana a gidana. Kullum da yamma yarona yana kai wa Baba mai tumaki, a wanke bokitin a kife. Ɓawon ayaba da na abarba sai a leda a ɗaure kafin aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku, ta zo kwasar bola. Tsumman goge tebur ma ina shanya shi, don jiƙaƙƙen tsumma mai tsami yana tara su. Ragowar masu yawo kuma tarkon gida ya fi takardar kama su: binega kaɗan a kofi, ko ruwan tsamin da ke kwanciya a saman ƙullu, da ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke. Sabulun ne yake sa in sun sauka su nutse. Wajen mako biyu aka yi kafin kicin ya koma yadda na san shi.

Takardar tana da nata aibin. Kusa da murhu tokar gawayi tana rufe gam ɗin cikin 'yan kwanaki ta daina kamawa. Ta kama mini tsaka sau ɗaya, ta kuma manne a gashin jikata har sai da muka sa man gyaɗa muka cire a hankali, don haka a rataye ta sama inda hannun yara ba ya kaiwa. Guda huɗu suka rage mini, na ajiye su a ledarsu saboda ruwan Satumba.