Fankar kwamfuta mara ƙara: wacce za ta jure zafin Yamai?

Masu ƙera fanka suna auna ƙararta ne a ɗaki mai sanyi, babu ƙura. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, hunturu kuma ya zo ya cusa ƙura ko'ina. Don haka lambar desibel, wato ma'aunin ƙara, da ke jikin kwali ba ta isa ba. Abin tambaya shi ne: bayan shekara guda, za ta ci gaba da yin shiru?

Amsar tana cikin gindin da farfelar ke juyawa a kai. Mai arha sanda ce kawai cikin bututu da ɗan mai. Zafi ya busar da man, ƙura ta shiga, sai gurnani ya fara, musamman in a kwance aka ɗaura ta. Irinta ce ta tsaya cak a kwamfutar shagona ana tsakiyar buga takardun wani, shi ya sa gindi nake fara tambaya kafin launi ko farashi. Mai ƙwallayen ƙarfe tana jure zafi amma tana da ɗan kuka. Wadda aka rufe man a ciki, da ake rubuta wa FDB, ita ce ta haɗa jure zafi da shiru.

Tawa dai Noctua NF-A12x25 ce, ta wani kamfanin Ostiriya, wadda ta fito a 2018. Faɗinta milimita 120, iyakar gudunta juyi 2000 a minti, kuma tsakanin bakin farfela da bangon fankar rabin milimita ne kacal, don haka iska ba ta zurarewa ta gefe. Tana tura iska sosai ko a hankali take juyawa, a nan shirun yake. Garantinta shekara 6. A kwalinta akwai robobin da ke hana akwatin kwamfuta rawa da wata gajeriyar waya mai rage gudu. Launinta ne dai sai haƙuri, ruwan ƙasa kamar tsohon bango. Tsada kuwa akwai, kuma galibi sai an yi sautunta daga waje.

Kuɗinta zai sayi fankar Arctic P12 uku ko fi, kuma ba laifi, sai dai wasu na jin ɗan amo a matsakaicin gudu. Masu fitilu kala-kala ado ne. Na manyan kwamfutocin ajiyar bayanai (sabar) kuma, irin na kamfanin Delta, sai wanda ba ya kwana a ɗakin.

Babbar matsalar ita ce jabu. Ana ciro fanka daga kwamfutar gwanjo, a wanke, a ɗiga mata man keken ɗinki, a manna sabuwar takarda. Ranar farko tsit, bayan sati biyu ta dawo da halinta. Ka ɗaga ta ka ji nauyi, ta gaske ba ta zama sakayau. Ka taɓa farfelar, in tana lilo gefe da gefe, ajiye. Ka duba ramukan kusa ko akwai sawun ɗauri, ka leƙa bayan fikafikan ko akwai jar ƙura a lungu. In mai shago ya ce maka "Alhaji, sabuwa ce dal, kwalin ne ya ɓace", ka ce ya jona ta, ka kai kunne tana tsaye, sannan tana kwance. Wanda ya ƙi jonawa ya riga ya ba ka amsa. Kada kuma hayaniyar kasuwa ta rufe maka kunne, a Babbar Kasuwa ko Kasuwar Katako ka nemi lungu.

Kafin ka fita daga gida, ka ƙirga allurar mahaɗin da ake jona fankar: mai 4 tana barin kwamfuta ta rage gudu da kanta, ita ce ta fi. In ta inbata ce ko wata na'ura, ka karanta takardar tsohuwar, domin akwai mai ƙarfin wuta bolt 5, 12 da 24, kuma ba sa maye gurbin juna.