SPQR na Mary Beard: littafi ya biya ni, mai sayarwa ya cuce ni

Tun ranar da na ga wani shirin BBC na 2012, inda wata dattijuwa mai doguwar furfura take zaga birnin Rum a kan keke tana tsayawa tana karanta rubutun kan kaburbura, na ƙudurta sai na mallaki littafinta. Mary Beard ke nan, farfesar da ta koyar a Jami'ar Kambirij tun daga 1984 har ta yi ritaya a 2022. Littafin shi ne SPQR, tarihin tsohuwar Rum, wanda ya fito a 2015. Na tura kuɗi, aka sako min shi a mota, na je tasha na karɓo.

Na ɗauka jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe zan sha, irin wanda aka saba cusa wa ɗalibai. Ashe ba haka ba. Da rikicin wasu 'yan siyasar Rum biyu, Sisero da Katilina, ta buɗe, a shekara ta 63 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sannan ta koma baya ga Romulus da Remus, tagwayen labarin kafa birnin, tana tantance abin da aka tabbatar da abin da tatsuniya ce. Malama ce ta gaske, tana nuna maka inda ta samo magana.

Abin da ya hana ni barci kuwa wani dutsen kabari ne da aka tono a South Shields, can arewacin Ingila, ƙarshen daular Rum. Na wata mata ce mai suna Regina, 'yar Birtaniya, baiwa da aka 'yanta, ta rasu tana da shekara 30. Mijinta Barates mutumin Palmira ne ta ƙasar Siriya. An sassaƙa ta a zaune, da akwatin kayan adonta a gefe ɗaya, kwandon zaren ulu a ɗaya gefen. Rubutun sama da Latin ne, amma a ƙasa sai ga layi guda da harshen garinsu, yana kukan rashinta. Wallahi sai da na ajiye littafin. Mutum ya baro Siriya, ya yi aure a wannan uwa duniya mai sanyi, da mutuwa ta zo harshen hukuma bai ishe shi ba, sai da ya koma ga wanda aka haife shi da shi. Na karanta wa uwargida wurin, ta ce, "Allah sarki, ashe su ma mutane ne kamarmu." A daren nan da an tambaye ni, tauraro biyar zan bayar ba tare da tunani ba.

To amma bari in faɗi abin da ke cin raina, don duk lokacin da na tuna sai murnar ta koma ciki. Kwafin da aka aiko min jabu ne. Tun farko na ga hotunan sun yi baƙi ƙirin, taswira ba a gane kogi da hanya, na yi shiru. Sai da na isa wajen Yuliyas Kaisar, ana dab da kashe shi a ranar 15 ga Maris na shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), na juya shafi sai na tsinci kaina a tsakiyar maganar da na riga na karanta. Shafi goma sha shida babu, an maimaita na baya a madadinsu. Kwana biyu bayan haka gam ɗin ya saki, takardu suka fara zubowa. Na ɗauki hoto na tura wa mai sayarwa. Ya ce, "Yallaɓai, yi haƙuri, haka suka zo mana." Na ce a canza min, ya ce sai sabon kaya ya iso. Yau mako biyar ke nan. Kuɗin asali fa na biya, ba a ce min na gwanjo ko na kwafi ba ne, kuma wannan ɓoyewar ita ta fi ƙona min rai. Marubuciyar nan ta ƙarar da rayuwarta tana bin diddigin kowane harafi a kan dutse, wani ya zo ya watsar da shafukanta ko a jikinsa.

Duk da haka na ƙarasa. Ta tsaya a shekara ta 212 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da Sarki Karakalla ya ba duk wani 'yantacce a daular matsayin ɗan ƙasar Rum, mutum sama da miliyan 30. Mahaifinsa Septimiyus Seberus ɗan Leptis Magna ne ta Libiya, abin da ban taɓa ji a aji ba. Turancin yana da ɗan nauyi, na riƙa ajiye ƙamus kusa.

Yanzu da roba nake ɗaure littafin. Jiya ma na sake kiran mutumin, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.