Farashin wuta: na gwamnati ko na kasuwa?

Idan gwamnati ce ke ƙayyade farashi, kamar zamanin NEPA, bil yana zuwa da sauƙi domin baitulmali ke cike giɓin. Sai dai kuɗin da ake tarawa ba ya isa gyaran taransfoma, balle gina sabuwar tasha. Mai injin niƙa ya biya kaɗan, amma ya ƙare wajen sayen man janareta.

Ɗaya hanyar ita ce a bar farashi ya bi tsadar samar da wutar. A Nuwamban 2013 Najeriya ta miƙa kamfanonin rarraba wuta 10 daga cikin 11 ga 'yan kasuwa, amma hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ci gaba da riƙe farashi. A Afrilun 2024 ta ɗaga na rukunin Band A, wato unguwannin da aka fi ba wuta, daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, bisa alkawarin wutar awa 20 a rana.

Abin da ke ci mini rai, kasuwa sai da gasa. Mutumin Kano ba shi da kamfani na biyu da zai koma, domin waya ɗaya ce ta shigo unguwarsa. Shi ya sa na fi karkata ga hukuma mai ƙarfi da za ta tilasta a ba kowa mita kafin a ƙara ko sisi.