Wata tara da ɗan karen Russian Toy, tsalle ɗaya ya ɓata min lissafi

Da a watan farko na rubuta wannan da tauraro biyar zan ba shi ban ko yi tunani ba. Nawa mai gajeren gashi ne, baƙi da ɗan ja-ja a fuska da ƙafafu, kunnuwa a tsaye ƙyam, in ka ɗaga shi kamar ba ka ɗauki komai ba, dama irinsu ko sun girma ba sa wuce kilo 3. Matar da na saya a wajenta ta ce ba ya ci da yawa, ba ya buƙatar fili, wanka ma sai jefi-jefi. Duk gaskiya ta faɗa, babbar maganar ce dai ta haɗiye.

Yana wata biyar ina zaune ina waya, shi yana kwance kusa da ni a kan kujera, aka ƙwanƙwasa ƙofa, kafin in juya ya diro. Kujerar da ko gwiwata ba ta kai ba fa! Ihun da ya yi har yau yana cikin kunnena, na ɗago shi ƙafar gaba ta dama tana reto, jikinsa sai karkarwa yake ni ma hannuna na rawa na rasa ta ina ma zan riƙe shi. Likitan dabbobi ya yi hoton ƙashi, ƙasusuwan nan biyu na ƙafar gaba duk sun karye can ƙasa kusa da tafin. Na ce to a ɗaure mana, ya ce a'a, a irin waɗannan ƙananan ƙashin siriri ne kuma jini ba ya isa wajen sosai, in aka sa filasta kawai sau da yawa ƙin haɗewa yake, sai dai tiyata a sa ƙarfe. Aka yi. Kuɗin kuwa bari kawai, ya fi abin da na sayi karen da shi. Sannan sati takwas a keji, karen da ba ya iya zama waje ɗaya minti biyu, kullum kuka cikin dare, ni da barci muka raba gari.

Na kira matar, ba don ta biya ni komai ba, kawai in ji me ya sa ba ta gaya min ba. Wai ai kowa ya san ba a barinsu su yi tsalle daga sama. Kowa banda ni ke nan.

Amma shi kansa karen ba ni da abin da zan ce a kansa. Wayo kamar me, 'yar matakalar da na sa masa a jikin kujera kwana uku ya gane ta, duk inda na sa ƙafa yana biye da ni, in na dawo gida murnar da yake yi sai ka ce shekara na yi. Asalinsu daga ƙananan karnukan teriya na Ingila ne masu kashe ɓeraye, a Rasha aka mayar da su irinsu daban, to zuciyar nan tana nan, bai san shi ƙarami ba ne, kare ko ya ninka shi goma sai ya tare shi da haushi. Abin dariya ne sai ka tuna ƙafar.

Ina cewa shi ke nan mun huta, sai ga maganar haƙori. Fiƙoƙinsa biyu na yarinta sun ƙi fita, sababbi sun fito a gefensu, abinci na maƙalewa a tsakani baki ya soma wari, su ma sai da aka yi masa allurar barci aka cire. Wannan ma ashe ruwan dare ne a ƙananan karnuka, kuma shi ma ba ta faɗa ba. Ga haushi in ganye ya motsa, ga rawar ɗari da an ɗan yi sanyi sai na sa masa riga.

Tauraro uku zan bayar, ukun nan kuma nasa ne, ita ko ɗaya ba ta da shi. Mai ƙananan yara a gida ni dai ba zan ce ya saya ba, yaro ɗaya ya sake shi daga hannu an koma asibiti. Yanzu haka yana kan cinyata, hannu ɗaya nake rubutu da shi, ɗayan yana riƙe da shi ko da wani zai taɓa ƙofa.