Gargaɗi: Naira 850,000 na biya don a haɗa ni da masu sayen zoɓo

Assalamu alaikum 'yan uwa 'yan kasuwa. Kwana uku ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya, amma yau sai na faɗa. Naira 850,000 wani ya cinye mini, da sunan zai haɗa ni da manyan masu sayen zoɓo da ke fitar da shi zuwa Meksiko. Naira 850,000, kuɗin gumina.

Kafin wani ya ce ganganci na yi, shekarata 16 a kasuwar Dawanau. Riɗi, zoɓo, citta, babu wanda bai bi ta hannuna ba. Na san dillali, na san ba a ba shi la'ada sai ciniki ya faɗa. Shi kuwa da bakinsa ya ce mini, "Alhaji, ni ba dillali ba ne, aikina haɗa manya da manya, kuɗin aikina ake fara biya."

A wurin ɗaurin aure muka haɗu. Wallahi da idona na ga wani babban attajiri ya riƙe hannunsa suna dariya. Da idona. Ya riƙe hannun ya daɗe bai sake ba. Wannan riƙon hannun ne ya cuce ni, har yanzu in na kwanta shi nake gani. Da abin ya ɓaci na samu attajirin, sai ya ce, "Wa? Ai gaishe ni kawai ya yi, ban ma san sunansa ba."

Kuma mutumin ya san harkar, kar ku raina. Ya yi mini zancen Maigatari da zoɓon Jigawa, ya san Meksiko ta taɓa dakatar da zoɓon Najeriya saboda ƙwaro, ya san sai an yi wa kaya feshi an karɓi takardar lafiyar tsirrai kafin kwantena ta bar tashar jiragen ruwa ta Apapa. Wane ne zai ji haka ya ce ɗan damfara ne?

Na fara tura 300,000, wai kuɗin shiga jerin mutanensa. Sai 350,000 na ɗakin taro a Legas da masaukin baƙi. A'a, kafin wannan ma akwai 200,000 na takardar rajistar NEPC (hukumar bunƙasa fitar da kaya ƙasashen waje), wadda daga baya na gano da kaina zan iya nema a shafinsu na intanet. Ko bayan nan ne na tura? Kaina ya ɗaure, amma alat ɗin duk suna nan. 300,000, 200,000, 350,000. Ku haɗa ku gani.

Ya taɓa kirana ta bidiyo a WhatsApp, wani farin mutum ya ɗaga mini hannu, minti biyu bai cika ba aka ce sabis ya ɗauke. Shi ke nan "haɗawar" da na saya.

Na je Legas da kuɗin motata, na yi kwana biyu zaune a harabar otal da samfurin zoɓo a jaka. Yau ya ce jirgin masu sayen ya makara, gobe suna Kwatano. Ran na uku wayarsa a kashe. Ofishin da ke jikin katinsa kuwa shagon ɗinki na tarar.

Kada ku biya kowa kafin ku ga mai saye ido da ido. Ku duba sunan kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, kuma zan rubuta wa EFCC. Hotunan hirarmu da rasit na banki zan saka su da zarar lauya ya ce in saka, har da muryarsa yana rantsuwa da Allah. Da Allah fa ya rantse mini, sau biyu, a kan 850,000. Har yau mai ɗakina ba ta sani ba. Allah ya isa tsakanina da shi.