Zangon karatu ɗaya a Firenze da tikitin jirgin ƙasa na kwana 10: abin da kuɗina suka saya

Ranar da na kawo wa mahaifiyata maganar zan tafi Italiya in yi zangon karatu ɗaya, albasa take yankawa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Karatu za ka je ko yawon buɗe ido?" Na ce, "Haba Umma, karatu ne mana, jami'a ce da kanta ta amince." Ta ce, "To, Allah ya sa."

A Amurka aka haife ni, iyayena Katsinawa ne, ina aji uku a wata jami'ar jiha a Ohio ina karantar tarihi. Daga Janairu zuwa Mayun 2024 na zauna a Firenze, garin da Amurkawa ke kira Florence, ta hannun ɗaya daga cikin kamfanonin nan da ke shirya wa ɗaliban Amurka karatu a ƙasashen waje. Ba zan kama sunansa ba, don akwai yabo akwai ƙorafi, kuma abokaina da suka bi ta wasu kamfanonin labarinmu kusan ɗaya ne. Abu biyu na kashe wa kuɗi masu nauyi: shirin kansa, da tikitin jirgin ƙasa na Eurail, wato tikiti ɗaya da ake hawan jiragen ƙasa da shi a ƙasashen Turai da dama. A kansu zan yi magana.

Wajen takardu dai ba ni da abin cewa sai godiya. Mai fasfon Amurka yana shiga ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da suka ɗage shingen iyaka a tsakaninsu, har da Italiya, ba biza, amma iyakarsa kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Zangonmu ya wuce haka, don haka sai da bizar karatu daga ƙaramin ofishin jakadancin Italiya. Kamfanin ya turo jerin abin da ake buƙata dalla-dalla, takardar shaidar gurbi, inshorar lafiya, shaidar kuɗi a banki, ban yi sahu biyu ba. Su ne kuma suka nuna mini tallafin Gilman na ma'aikatar harkokin wajen Amurka, wanda ake ba ɗalibai 'yan ƙasa masu karɓar Pell Grant (tallafin karatu na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi), har zuwa Dala 5,000. Ba don shi ba da Baba ya rufe maganar tun a falo.

Masauki ne inda muka fara saɓawa. A hoton da suka nuna mana, gida ne tsoho mai tagogin katako kusa da cocin Santa Croce, kuma ba su yi ƙarya ba, haka yake. Abin da hoton bai faɗa ba shi ne mu shida aka zuba a ciki, dukanmu Amurkawa. Makwabtanmu na sama Amurkawa, na gidan gaba Amurkawa. Italiya ce ƙasar da ɗaliban Amurka suka fi zuwa a 'yan shekarun nan, kuma Firenze na cikin inda suka fi taruwa, sai ka wuni ka kwana ba ka ji buƙatar furta kalma ɗaya ta Italiyanci ba. Na tsallake teku ne na tarar da Ohio ta riga ni zuwa. Akwai zaɓin zama a gidan wani iyali ɗan gari, amma an ɓoye shi can ƙasan fom ɗin, ba wanda ya ƙarfafa mana gwiwa a kai. Da an mayar da ni baya shi zan ɗauka ko da ƙarin kuɗi.

Sauran ƙananan abubuwan gidan kuwa na saba da su cikin mako biyu. Ba na'urar busar da kaya, igiya ce kamar a gida Katsina. Ka kunna tanda da injin wanki lokaci guda wuta ta ɗauke, sai mutum ya sauka da fitilar waya ya ɗaga makunni. Ban sa wannan a lissafin laifi ba, haka gidajen can suke.

Darussa huɗu na ɗauka. Uku daga ciki sun fi na jami'ata sauƙi, har da na Italiyancin, wanda sau biyu kawai ake yi a mako, abin da bai isa ya koya wa mutum ciniki a kasuwa ba. Na huɗun shi ne ya biya kuɗin tafiyar gaba ɗaya: tarihin Firenze zamanin gidan Medici, attajiran da suka mulki garin. Malamar ba ta yarda da zaman aji ba. Ranar da za ta yi mana bayanin kubbar babban cocin garin, wadda Brunelleschi ya gina aka kammala a 1436, sai da ta sa muka hau matakala 463. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. A tsakiyar hawan ne, muna haki a wani lungu tsakanin ɓawon kubbar na ciki da na waje, ta nuna mana yadda aka jera tubalin a karkace kamar ƙayar kifi, kowane layi yana riƙe na kusa da shi, shi ya sa ginin ya tashi ba tare da an kafa katakon tallafi daga ƙasa ba. Na karanta wannan a littafi a Ohio na manta. Da na taɓa tubalin da hannuna bai sake fita kaina ba.

A wannan darasin ne kuma na yi karo da gida inda ban zata ba. Muna kan Paparoma Leo na 10, ɗan Lorenzo de' Medici, haifaffen Firenze, sai ta ambaci wani malami matafiyi haifaffen Granada, Alhasan al-Wazzan, wanda 'yan fashin teku suka kama suka kai wa Paparoman, aka yi masa baftisma a 1520, Turawa suka san shi da Leo Africanus. Littafinsa kan ƙasashen Afirka, wanda aka buga a Venice a 1550, yana da bayani kan Kano da Katsina da Gobir da Zazzau. Na ɗaga hannu na ce garin iyayena ke nan. A kansa na rubuta takardar ƙarshen zango, kuma ita ce takarda ta farko da Baba ya taɓa cewa in turo masa ya karanta.

To, sai maganar yawo.

An tsara jadawalinmu ne daga Litinin zuwa Alhamis, Juma'a ba darasi. Ba sai an faɗa maka dalili ba. Da yammacin Alhamis gidan nan kamar an share, kowa ya ja jakarsa, wannan Barcelona, wancan Prague, wani Amsterdam. Ranar Litinin a dawo da jajayen idanu ana gwada hotuna. Ni ma ban tsira ba. Tun kafin in bar Amurka na sayi tikitin Eurail na ƙasashe 33, irin wanda ke ba ka kwana 10 na tafiya a cikin wata biyu, da rangwamen da ake yi wa 'yan ƙasa da shekara 28.

Yadda yake aiki ba wuya. A manhajar Rail Planner yake zaune, ka zaɓi jirgi ka saka shi cikin tafiyarka, lambar da mai duba tikiti zai haska ta fito. Duk ranar da ka kunna, daga sha biyun dare zuwa sha biyun dare, ka hau jirage iya son ranka. Manhajar tana nuna jadawali ko ba intanet, wannan ya cece ni fiye da sau ɗaya.

Kuskuren nawa ne, ban karanta sharuɗɗan da kyau ba alhali a rubuce suke. Tikitin yana biyan kuɗin tafiya, ba ya biyan kuɗin kujera. A Italiya da Faransa da Sifen jirage masu gudun tsiya sai ka kama kujera da kuɗi daban, haka ma jiragen dare. Daga Firenze zuwa Rum awa ɗaya da rabi ne a Frecciarossa, jirgin Italiya mai gudun tsiya, na ƙona kwana ɗaya cikin goman nan, na ƙara Yuro goma sha wani abu na kujera a zuwa, na ƙara a dawowa. Abokin ɗakina da ya sayi tikitin gama-gari makonni kafin ranar, da muka buga lissafi, ya fi ni samun sauƙi. Jiragen Italo kuma, na kamfani mai zaman kansa, ba sa cikin tsarin sam. Zuwa Pisa ko Lucca a jirgin yanki kuwa kuɗin bai kai a ɓata kwana a kansa ba. Wanda yawonsa duk a cikin Italiya zai tsaya, ya riƙe kuɗinsa.

Inda tikitin ya nuna kansa shi ne arewa. A Suwizalan da Ostiriya da Jamus yawancin jirage ba ruwansu da kama kujera, ka zo ka hau, kuma tikitin ranar tafiya a can tsada ne da shi, musamman Suwizalan. Tafiyar da ta fi zauna mini a rai ita ce ta layin Bernina, daga Tirano a kan iyakar Italiya zuwa Chur. Akwai jirgin 'yan yawon buɗe ido mai manyan gilasai da ake biyan kuɗin kujera, amma jirgin yanki na talakawa ma layin nan yake bi, shi na hau ban ƙara ko sisi ba. A Brusio jirgin yakan yi zagaye a kan wata gada mai siffar zobe don ya samu hawa, har kana hango wutsiyarsa ta taga. Daga nan sai hawa har Ospizio Bernina, mita 2,253 sama da teku, ko'ina fari fat, tafki ya daskare. Na girma cikin dusar ƙanƙarar Ohio, amma wannan wani abu ne daban. Jirgin dare daga Firenze zuwa Vienna shi ma ya yi mini rana: kwana ɗaya kawai yake ci a tikitin, ranar da ka tashi, ga shi ya ɗauke maka kuɗin masauki na dare guda. Barcin dai sai a hankali, mu shida a ɗaki kamar akwati.

Sau ɗaya na gwada jirgin sama mai araha daga Pisa, don kowa na cewa ya fi. Araha ba ta ado. Jakata ta ɗara ma'auninsu da 'yan yatsu, aka caje ni abin da ya fi kuɗin tikitin, sannan filin da muka sauka yana da tafiyar fiye da awa ɗaya a bas kafin garin da aka rubuta a tikitin.

Fasfo ya kasance a jikinka duk inda za ka. Ana cewa ba shinge tsakanin ƙasashen Schengen, amma a hanyar shiga Jamus daga Ostiriya jami'ai sun hau jirginmu, kuma a taragon nan ni da wasu mutum biyu kawai aka tambaya takardu. Mu ukun launinmu ɗaya. Da suka ga fasfon Amurka sai fuska ta saki. Ga 'yan uwa masu karatu a Amurka da fasfon Najeriya ko Nijar, bizar karatun Italiya tana ba da damar zaga sauran ƙasashen Schengen, amma ba ta kai mutum Ingila ko Ireland.

Azumi ne ya tsayar da ni. Ya kama ranar 11 ga Maris, na duba na ga ba zan iya haɗa ƙishirwa da gudun kama jirgi ba, taura biyu ba ta taunuwa. Kwana biyu na tikitin haka suka mutu ban taɓa su ba. Na ji zafin kuɗin a lokacin. Sai ga shi makonnin nan ne na fara sanin garin da na ce na zo zama a cikinsa. Na fara lura da 'yan alamomin da ke jikin bangon unguwarmu, sama da kan mutum nesa, masu nuna inda ruwa ya kai ranar 4 ga Nuwamban 1966 da kogin Arno ya yi ambaliya. Mako bakwai na yi ina wuce su da jaka a hannu ban ɗaga kai ba. Na gano cewa Lahadin farko ta kowane wata gidajen tarihin gwamnati kyauta ne. Na koma cefane a kasuwar Sant'Ambrogio, inda wata dattijuwa mai kayan miya ta ƙi jin Turancina ƙememe har sai da na koyi ƙirga da Italiyanci. Ita ta koya mini fiye da ajin.

Kan abinci, kamfanin bai tsinana mini komai ba. Na rubuta a fom cewa ba na cin alade, amma a liyafar maraba faranti uku cikin huɗu naman alade ne aka yanka siriri. Da kaina na koyi cewa "senza maiale", wato ban da alade, na kuma koyi tambayar ko akwai strutto, wato kitsen alade, don ana sa shi a wasu burodi da kayan fulawa inda ba ka zato. Ribollita, miyar wake da ganye da tsohon burodi, ita ta zama abincin buɗa-bakina, kuma ko ita sai na tambaya me aka sa a ciki. Mahautan halal da ƙaramin masallacin da ke wajen Piazza dei Ciompi, wani ɗan Senegal mai sayar da lema ne ya nuna mini su. A can na yi tarawihi tsakanin 'yan Maroko da Bangladesh da Albaniya. Wani dattijo da ya ji ina waya da Hausa ya dafa ni bayan sallama ya ce, "Yaro, ɗan wane gari ne?" Mutumin Damagaram ne, ya daɗe a Italiya. Sau uku na sha ruwa a gidansa.

In maki zan bayar, shirin ya ci 7 cikin 10: takardu da darasin tarihi sun ɗaga shi, masauki da ajin Italiyanci da halin ko-in-kula kan abinci sun ja shi ƙasa. Sakamakona ma sai watan Agusta ya iso jami'ata, bayan na tura saƙo huɗu. Tikitin Eurail kuwa ya yi duk abin da ya ce zai yi, ni ne na sayi babba. Na kwana 4 ko 5 a wata ɗaya ya ishe ni, in tara shi don hutun tsakiyar zango in nufi Suwizalan da Ostiriya, tafiye-tafiyen cikin Italiya kuma in riƙa sayen tikitinsu da wuri.

Ƙanwata ta fara maganar Sifen, Granada take so, tun da ta karanta takardata. Ta kai wa Umma zancen a kicin, ina zaune. Umma ta juyo ta dube ni ta ce, "Kai da ka je, faɗa mata, karatu ne ko yawo?" Na ce ta nemi gidan 'yan gari tukuna, kuma kada ta sayi tikitin jirgi sai ta yi wata guda a can.